Rakiyar Mutumin Likoro

Ƙullin baƙar leda Malama Murja ta ajiye a teburin Sufeto Barnaba a Ikara. Ƙwayar tiramol ce a ciki.

Murja ma'aikaciyar bincike ce. Tana bin waɗanda aka taɓa yi wa maganin shaye-shaye a wata cibiya, ta ji yadda suke bayan sallama. Mutum uku da ta ziyarta, a Makarfi da Kurmin Kogi da Likoro, kowanne ya tsinci irin wannan ƙullin a zaurensa washegari. Wani ɗan ƙwaya ne ke bin sawunta yana neman dawo da su ruwa. Na Likoro shekararsa biyu bai sha ba, yanzu ya daina ɗaukar waya.

"Ba ni sunayensu," in ji Sufeto.

"Ranka ya daɗe, na yi musu alkawari. Ko matan wasu ba su sani ba."

"To in binciki iska ke nan?"

Haushi ya cika shi, amma dole ya haƙura. Ya fara da Yahya, malamin asibitin da ya ba ta lambobin waya.

"Ka san gidajensu?"

"Tsofaffin na sani. Biyu sun tashi, ita ma da ƙyar ta gano su."

Murja ta ce haka ne. Ya sallami Yahya, ya kira Lado, direban da ke kai ta.

"Ni a tasha take barina, Yallaɓai. Ban taɓa ganin ƙofar kowa ba."

Nan ma ta gaskata. Sufeto ya dafe kai, don bai taɓa haɗuwa da mai ƙara da ke wanke masa duk wanda ya kama ba. Ya fita waje ya zagaya motarsu. A kujerar baya ya hango curin mazarƙwaila cikin kwali, ya jinjina, ya ji nauyi.

"Wa ya ɗauko miki wannan har mota?"

"Na Makarfi. Tsaraba ya ba ni, ya rako ni."

"Sauran fa?"

"Wa zai bar baƙuwa ta fita ita kaɗai? Duk sun rako ni, ban da na Kudan, ƙafarsa na ciwo."

"Shi an kai masa ƙulli?"

Ta girgiza kai. Ba a kai ba.

Sufeto ya sa a binciki motar. A ƙarƙashin safayar taya aka samu ƙulli irin wancan cike da jaka. Lado ya durƙusa yana rantse-rantse.

"Kin ɓoye gidajen," Sufeto ya ce mata, "su kuma suka kawo kansu har bakin mota don mutunci. Kina gyara zama, shi yana gaisuwa: ina gida, wace unguwa, ɗan gidan wa. Wa ke ƙin amsa gaisuwa? Ƙullin farko kyauta yake bayarwa, ya san za su neme shi."

Murja ta koma gefe ta sake kiran na Likoro. Wannan karon ya ɗauka. Ta daɗe tana sauraro, ta dawo idanunta jajir.

"Ya sha?"

"Ya sha. Ya ce kada in ƙara zuwa. Wai babu ɗan ƙwayar da ya san inda yake, sai da muka zo tambayar lafiyarsa."