Surukin Tela

"Ba za ki shiga ɗakin nan ba, Auta."

"Ubana ne fa!"

"Shi ya sa."

Ta tsaya a ƙofar ɗakin tiyata tana huci, ta murɗe hular aikinta kamar tsumma. Shekara shida tana aikin jinya a ɗakin nan, ita ke miƙa wa likitan jijiyoyi da kowa ke kira Dogo kayan aiki tun bai buɗe baki ba. A nan suka fara son juna. Yau da Babanta ne a kan gadon, shi ne za a ce ta koma benci?

"Masoyiyata, dube ni," Dogo ya sassauta murya. "In na ɗago na ga ƙwalla a idonki, hankalina zai rabu biyu. Baba kuwa gaba ɗayansa yake bukata."

Ta juya.

Wata biyu ke nan da hoto ya nuna babbar jijiyar jini ta cikin Baba ta kumbura kamar balan-balan, kumburin har ya kai inda jijiyoyin ƙoda suka rabu. In ta fashe, shi ke nan. Zuciyarsa kuma ba za ta jure a tsaga ciki ba.

Dogo ya ce akwai hanya. Za a ɗan huda saman cinya, a zura siririyar waya, a tura wani bututun yadi mai ragar ƙarfe ya buɗe a cikin jijiyar, jini ya riƙa bi ta nan. Sai dai dole a fitar wa bututun da ƙofofi huɗu, daidai inda jijiyoyin ƙoda da na hanji suka fita.

Baba tela ne, shekara arba'in a kan keke. Shi ne kuma ya shekara yana ja wa Dogo rai a kan maganar aure. "Likita ba ya zaman gida," in ji shi. "'Yata ba za ta auri asibiti ba."

Ranar da aka yi masa bayanin aikin, ya gyara tabarau.

"Wa zai yi awon?"

"Ni ne, Baba."

"Ɗinkin bakin ƙofofin fa?"

"Shi ma ni ne."

"To ɗinka in gani."

Dogo bai yi musu ba. Ya sa aka kawo bututun gwaji da allura, ya sunkuya ya ɗinka. Baba ya karɓa, ya juya shi, ya ja zaren da farce, ya ɗaga wa hasken taga.

"Ba laifi."

Auta ta toshe baki. Almajiransa na shago sai su yi shekara goma ba su ji wannan kalmar ba!

Yanzu ga ta a benci kusa da Mama. Abin da ya fi ci mata rai, ta san kowane mataki.

"Me suke yi yanzu, Auta?"

"Sun shigar da bututun, Mama. Suna neman ƙofofin ɗaya bayan ɗaya."

Azahar ta wuce. Wata abokiyar aikinta ta leƙo, ta ja ta gefe.

"Uku sun shiga. Ta ƙodar hagu ce ta ƙi, wayar sai zamewa take yi."

In ta ƙi, Baba ya rasa ƙodar nan. Ba ta san lokacin da ta isa ƙofar ba. Ta gilashi ta hango Dogo cikin rigar dalma mai nauyi ta kariya daga hasken hoto, idonsa a kan allon hoto, yatsunsa na murza wayar a hankali kamar babu abin da ke korar sa. Bai daka wa kowa tsawa ba. Ya janye, ya canza waya, ya sake.

Ta sauke hannunta daga ƙofar. Wannan shi ne nawa, ta ce a ranta. Ta koma ta riƙe hannun Mama.

Da la'asar Dogo ya fito, riga sharkaf da gumi.

"Duk huɗun sun zauna. Babu yoyo ko ɗigo."

Mama ta fashe da kuka tana sa masa albarka. Auta dai kallonsa kawai take yi.

"An huce?" ya raɗa mata.

"Ban sani ba tukuna," ta ce, hawaye da dariya a haɗe.

Kwana uku Baba ya miƙe. Auta ta shigo ɗakin maza ta tarar ya tara majinyata yana ba su labari.

"Aiki babba aka yi min a ciki, amma ku duba cikin nan, ko ƙwarzane babu!"

Dogo ya shigo zagaye, ɗalibai shida a bayansa. Tsohon da ke gadon kusa ya nuna shi.

"Likitan naka ke nan?"

"Likitan kowa ne," Baba ya ce, ya ɗaga murya yadda na ƙarshen ɗaki zai ji. "Ni surukina ne."

"Baba!" Auta ta rufe fuska.

"Mene ne? Kai kuma ka turo manyanka ranar da aka sallame ni. Ba na son jan rai."

"Ji mai magana!" in ji Mama.

Ɗakin ya kwashe da dariya. Dogo ya miƙa wa ɗaliba takardun hannunsa, ya durƙusa a gaban gadon da farar rigarsa, a tsakiyar mutane.

"Na gode, Baba."

Baba ya dafa kansa. Auta ta sauke hannu daga fuskarta, ta tsaya sosai, kowa ya gan ta.