Igiya Ɗaya, 'Yan Mata Goma

Akwai wata yarinya da kowa a ajinsu Kwamfuta yake kiranta. Kafin Malama ta gama rubuta lissafi a allo, hannunta yana sama. Ita kuwa sunan nan yana mata daɗi ƙwarai, har kanta ya fara girma.

Wata rana Malama ta shigo da albishir. Za a yi gasar tsallen igiya tsakanin azuzuwa. Kowane aji zai kawo 'yan mata goma, kowacce da igiyarta a hannu. Ajin da bai cika igiya goma ba, ba zai shiga fili ba.

"Kowace yarinya tana bukatar mita 2.5," in ji Malama. "Wa zai samo mana igiya?"

Kwamfuta ta miƙe zumbur. "Ni, Malama! Babana yana da shagon kayan gini. Kyauta ma zai ba mu."

"Madalla. To ki zauna ki lissafa mita nawa za ki ce masa."

"Ai na riga na gama," ta ce tana murmushi.

Tana da wata dabara da take ji da ita. In an ce sau goma, sai ta liƙa sifili a ƙarshe. Bakwai sau goma, saba'in. Don haka 2.5 sau goma, sai ta liƙa sifilinta, ta samu 2.50. Ko sake dubawa ba ta yi ba.

Da safe Baba yana ɗaure takalmi ta tare shi a bakin ƙofa.

"Baba, a yanko mini igiya mita biyu ɗigo biyar da sifili. Ta makaranta ce."

"Kin tabbata, 'yar Baba?"

"Haba Baba! Ni ce fa Kwamfuta."

Baba ya yi dariya ya tafi. Da yamma ya kawo igiyar a ƙulle cikin leda. Ta jefa ta a jaka ba tare da ta buɗe ba.

Ana gobe gasa, 'yan matan suka yi layi a gaban aji. Kwamfuta ta kwance ledar da yanga, ta zaro igiya. Ta ja, sai ga ƙarshenta a hannunta. Ta leƙa cikin ledar, ta zazzage ta. Wayam!

Doguwa, wadda ta fi kowa tsawo da baki a ajin, ta riƙe ƙugu. "Kwamfuta, mu goma za mu shiga cikin wannan? Ko goya mu za ki yi?"

Aji ya fashe da dariya. Amma dariyar ba ta daɗe ba, don kowa ya tuna da dokar gasa. Kunya ta rufe Kwamfuta, idanunta suka ciko da hawaye.

"Malama, ai na ƙara sifilin," ta ce a hankali.

Malama ba ta yi faɗa ba. Ta ɗauki alli, ta durƙusa, ta rubuta ƙaton 2 da ƙaton 5 a kan siminti, da ɗan fili a tsakaninsu.

"Zo ki tsaya a tsakiya. Yau ke ce ɗigo."

Kwamfuta ta tsaya tana share ido.

"2.5 da 2.50 duk abu ɗaya ne," in ji Malama. "Sifilin da kika liƙa bai ƙara ko taku ɗaya na igiya ba. In an ce sau goma, ɗigo ne yake tsalle ɗaya zuwa dama. Yi tsalle!"

Ta tsallake 5 ɗin. Ta waiwaya ta karanta. "Ashirin da biyar!"

"In sau ɗari ne fa?"

"Tsalle biyu?" Ta sake yin tsalle, ta dubi bayanta. "Malama, nan babu lamba."

"To nan ne gurbin sifilinki. Ɗari biyu da hamsin ke nan. In kuma rabawa ce, sai ki koma hagu. Ki ƙirga sifilan goma ko ɗari ko dubu, su ne yawan tsallenki."

Ana tashi daga makaranta, ta wuce shagon Baba tare da Doguwa. Ta faɗa masa komai, ba ta ɓoye ba.

Baba ya sauko da naɗin igiya daga bayan buhunan siminti, ya ja tef ya auna. "Kash! Mita 23.5 kawai ya rage, kuma sabon kaya sai mako mai zuwa."

Doguwa ta dafe kai. "Shi ke nan, mun faɗi tun ba mu shiga ba."

"Tsaya tukuna," in ji Kwamfuta. Ta rubuta 23.5 da yatsa a kan teburin Baba. Wannan karon ba ta yi sauri ba. "Za mu raba gida goma. Ɗigo zai yi tsalle ɗaya zuwa hagu. Kowa zai samu mita 2.35."

Baba ya auna 2.35 ya miƙa mata. Ta taka tsakiyar igiyar, bakinta biyu suka kai mata hammata. Ta isa! Baba ya yanka, suna ƙirgawa da ƙarfi, har guda goma cif, ba ragi ba ƙari.

"Ni fa ba za ta ishe ni ba," in ji Doguwa.

Kwamfuta ta zaro igiyar nan ta farko mai mita 2.5. "Ga taki, daidai tsawonki!"

Ranar gasa 'yan mata goma suka shiga fili, igiyoyi suna kaɗawa fyau-fyau. Azuzuwa suka riƙa faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Da aka busa usur na ƙarshe, ajin su Kwamfuta ne ya rage a tsaye. Ihu ya cika filin, har Malama ta karɓi igiyar da ta saura ta yi tsalle uku.

"Me kika koya?" Baba ya tambaye ta a hanyar gida.

"Sau goma, ɗigo ya tafi dama. Raba goma, ya koma hagu," ta ce tana rungume da kofin gasar. "Kuma in ka ce mini 'Kin tabbata?', zan sake dubawa kafin in buɗe baki."