Kyamarar Mai Saƙa

Hantsi ya ratso labule ya kwanta a kan zaren ulu da ke cinyar Auta. Hannunta na saƙa hular jariri, amma zuciyarta ta yi nisa. Gani take ga mata a garuruwan da ba ta taɓa zuwa ba, kowace da kwarashi a hannu, suna bin yatsunta a waya suna koyo.

"Kin sake tafiya ke nan," in ji mijinta, mai gyaran agogo, yana murmushi. "Yau wace ƙasa aka sauka?"

"Bari kawai! Bidiyon jiya ma dishi-dishi ya fito. Wayar nan ba ta ganin zare."

"To shirya, mu je mu duba kyamara."

A shagon, mai sayarwa ya ajiye guda biyu a kan gilashi. Ɗaya babba, baƙa wuluk, sai sheƙi take. Ɗayar ƙarama, ta hannu, gefenta har ya ɗan koɗe.

"Me za ki riƙa ɗauka, Hajiya?"

"Hannuna kawai, da zare."

"To ƙaramar ta ishe ki. Tana kama fokas a kusa, hoto ya fito tar, batirinta na jimawa, ga wurin saka makirfo."

Auta dai idonta na kan babbar. Mijin ya gani, ya sunkuyar da kai, don ya san ta fi ƙarfinsa. Suka ce za su yi shawara.

Washegari sai ga babbar yayarta, ƙamshin turare ya riga ta shigowa. Ta dubi ɗakin sama da ƙasa ta taɓe baki.

"Na ji labari. Ni zan saya miki babbar, amma ki tattaro ki dawo gidana. Wa zai kalli bidiyon da aka ɗauka a wannan akurkin? Tun farko sai da na ce kar ki auri mai tsintar ƙusoshin agogo!"

"Haba Yaya! Mijina ne fa!"

"Mijin da ya kasa—"

Tari suka ji a bakin ƙofa. Ashe mijin ya dawo, ya ji komai. Yaya ta suri jakarta ta fice.

Auta ta fashe da kuka. Ya zauna kusa da ita. "In kina so ki je, ba zan tare miki mafarkinki ba."

Ta ɗago jajayen idanu. "Mafarkin da babu kai a ciki? Tashi mu je mu ɗauko ƙaramar!"

Shi ya ƙera mata mariƙin kyamara da ƙarafan shagonsa, ya jawo tebur kusa da taga. Wata huɗu masu kallo ba su cika ɗaki ba, Yaya kuwa ko waya ba ta ɗagawa. Auta ta yi ta saƙa, tana share hawaye. Sannu a hankali saƙonni suka fara shigowa, har wata ta rubuto cewa da bidiyonta take ciyar da marayunta.

Wata safiya aka yi sallama. Yaya ce, tana ta murza gefen mayafi.

"Ƙawayena sai zancenki suke... Ina maigidan? Shi na zo bai wa haƙuri."

Ya fito da fara'a ya shimfiɗa mata darduma, kamar ba a taɓa yin komai ba.

Ku da kuke tasowa, ku riƙe wannan: kar ƙyallin abin hannun wani ya raba ku da mai ƙaunarku. Auta ta yi haƙuri da kaɗan, Allah Ya sa masa albarka, Ya kuma dawo mata da 'yar'uwarta.