Jika Biyar na Haraji

Zamanin mulkin Faransa, lokacin da Nasara suka kafa zango a arewacin Agadas suna neman ma'adinin yuraniyom, wani ɗan kasuwa, Alhaji Mano, ya shigo ofishin Sufeto Muktari yana huci.

"Direban zango ya cuce ni! Jika hamsin da biyar nake bin su na mai, ya kawo mini hamsin."

Tuni an tsare direban, Amumun. Matarsa Mariyama na zaune bakin ƙofa, ta ƙi tafiya.

"Wallahi a ɗinke aka ba ni jakar kuɗin, a ɗinke na miƙa," in ji Amumun.

Sufeto ya karɓi takardar cinikin daga hannun Alhaji. Layi uku ne: kuɗin kaya kafin haraji, hamsin; haraji, biyar; jimla, hamsin da biyar. Ya sake duba lissafin. Wane ɓarawo ne zai saci daidai kuɗin haraji, ba ƙari ba ragi?

Washegari ya isa zangon. Akawun wurin, Illi, ya tarbe shi da shayi.

"Nawa ka zuba cikin jakar?"

"Jimla duka, ranka ya daɗe. Ga sa hannun Bature, hamsin da biyar na fitar."

"Amumun ya ga takardar cinikin?"

"Ina! Ba ta barin teburina."

A bakin zango Sufeto ya tarar da Hajiya Hawa, mai kawo musu alkama da dabino.

"Suna biyan ki da haraji?"

"A'a. Malam Illi ya ce Nasara ba sa biyan haraji. Ni nake cikawa daga aljihuna."

Sufeto ya koma da ita har gaban Baturen zango, ta maimaita. Bature ya ce tun da aka kafa zangon bai taɓa ƙin biyan haraji ba.

Sufeto ya juya ga Illi, wanda ke tsaye a gefe.

"Ni nake riƙewa," in ji Illi a hankali. "Sauran ba sa tambaya. Alhaji sabo ne, na manta ban gaya masa ba."

Aka sa masa ankwa, aka tura shi mota.

Da aka buɗe wa Amumun ƙofa, ya zauna a ƙasa yana hamdala. Alhaji Mano ya durƙusa gabansa.

"Ka yafe mini, ɗana."

Mariyama ta share hawaye, ta kama hannun mijinta. "Tashi mu tafi, yara ba su ci komai ba."