Tambayoyin Sha'aibu

"Kakarki fa, Lubabatu... daga ina iyayenta suka zo?"

Lubabatu ta sunkuyar da kai tana murmushi. Tun da Sha'aibu ya dawo hutu daga babbar makarantarsu ta Dakar, inda yake karatun zamantakewar al'umma, kullum da la'asar sai ya zo zaurensu a unguwar Birni, kuma hirar ba ta wuce wa ya haifi wa, wa ya auri wa.

To ita kuwa, baiwar Allah, me za ta ɗauka? A Damagaram namiji ba ya binciken asalin yarinya sai in da gaske yake. Murna ta cika ta.

"Masoyina, in na faɗa maka, tsakaninmu ne?"

"Haba, hasken idona! Ni da ke?"

Sai ta kwance masa abin da gidansu suka daɗe da binnewa. Kaka Indo, mai sayar da alkaki a bakin kasuwa, kamo ta aka yi tana yarinya, aka sayar da ita. Ubangidanta ya tsaga mata kunne, alamar bauta, shi ya sa ba ta taɓa sassauta ɗankwali.

Idanunsa suka yi ƙyalli. Ita ta zaci tausayi ne.

Kafin hutu ya ƙare, ƙungiyar ma'aikata ta gayyace shi unguwar Zango ya yi jawabi kan abin da ya koyo. Ya tsaya cikin farin kwat, ya ba da labarin wata tsohuwa mai alkaki, misalin ragowar bauta a birnin. Aka tafa masa. Kawunsa kuwa yana zaune a gaba, shi bai tafa ba, don ya gane tsohuwar.

Washegari ƙanwar mahaifiyarsa ta zo gidan su Lubabatu karɓar kayan toshin da ya kawo. Ko zama ba ta yi ba.

"Jininmu ba ya haɗuwa da na kasuwa," in ji ta, ta ɗauke har tulun turaren da aka riga aka buɗe.

Lubabatu ta tare shi a tashar mota.

"Amanata ka kai wa taro, Sha'aibu?"

"Ai ban ambaci suna ba!"

"Tsofaffi nawa ke sayar da alkaki a bakin kasuwa?"

"Ilimi ne, Lubabatu... ba za ki gane ba. Mushenmu ma, malamin ajinmu, ya ce a kan labarin zan yi jarrabawa."

"Auren fa?"

Ya dubi takalminsa.

"Inna ta rantse za ta ɗaga min nono. Ya zan yi?"

Mota ta tashi da shi. Ta tsaya tana kuka, ko waiwaye bai yi ba.

Indo ba ta ƙara fita kasuwa ba, don mata sun fara leƙen ƙarƙashin ɗankwalinta suna zunɗe. Bayan damina labari ya zo cewa Sha'aibu ya zo na ɗaya a jarrabawar.

Tsohuwar tana kwance, ta kira jikarta.

"Ya ci jarrabawar, ko?"

"Ya ci, Kaka... ki yafe mini."

Indo ta zame ɗankwalin a hankali, ta shafa tsagaggen kunnen.

"Sau biyu ke nan ana sayar da ni, 'yar nan. Na farko dai ba jikata ce ta kai ni kasuwa ba."