Rigar da Aka Ɗinka wa Gajere

Akwai wata yarinya ƴar aji huɗu da ake kira Uwar Kwalliya a gidansu. Sunan kuwa ya bi jiki. Mamanta tela ce, ita kuma ba ta barin ƙyalle ya kai shara. Ta ɗinka wa buta riga. Ta ɗaura wa tsintsiya ɗankwali. Ko kyanwar gidan, da ta hango ta riƙe da allura sai ta haye katanga.

Ran nan Kawu, ƙanen Mama mai gyaran firiji, ya turo wani ɗan ƙaramin firiji a baro. Tsawonsa bai wuce ƙugun yarinyar ba. Nan take ta raɗa masa suna Gajere.

Baba ya zagaya shi sau biyu yana taɓe baki.

"Ni fa ba kuɗin sayensa nake tsoro ba," in ji shi. "Cin wutarsa nake tsoro. Yunit huɗu muke ci a rana a gidan nan, a hakan ma ina ji a jikina."

"Haba Yaya, wannan ɗan abin?" in ji Kawu. "Ba zai wuce yunit ɗaya a rana ba."

"To, mita ce alƙali. Mako guda na ba shi. In ya wuce ɗaya, ka dawo da baronka."

Kawu ya ajiye Gajere a lungun falo, ya bar fili tsakaninsa da bango.

"Uwar Kwalliya, da ke nake," ya ce. "Kada a matsa shi jikin bango. Kada a rufe masa baya."

"To, Kawu," ta ce. Amma maganar ta bayan kunnenta ta bi.

Kwana biyu gidan sai murna. Mama na taka keken ɗinki, kofin ruwan sanyi na gefenta. Kullum da safe Baba yakan duba mitar da ke bakin ƙofa, ya ga yunit biyar aka ci, ya gyaɗa kai.

A rana ta uku yarinyar ta leƙa bayan Gajere. Sai ta ga wasu baƙaƙen ƙarafa sun yi layi-layi.

"Wayyo Gajere, ashe haka bayanka yake da muni?" ta ce.

Ta kwaso ragowar yadi mai kauri, ta ɗinka masa riga mai fulawa. Ta rufe samansa, ta saki jelar rigar ta baya har ƙasa. Ta tuna maganar Kawu sarai, amma ta ce a ranta Kawu bai san ado ba. Ta sa kafaɗa ta tura Gajere ya manne da bango.

Mama ta ga saman kawai, ta yi dariya. "Yau kuma Gajere ne ango?"

Daga ranar Gajere ya daina hutawa. Da yakan yi ɗan gurnani ya yi shiru. Yanzu kuwa gurnani yake yi ba tsayawa, ruwan ma bai kai sanyin da ba. Da safe mita ta nuna yunit shida. Washegari ma shida.

"Ka ji wani abu," in ji Baba. "Ɗan ƙarami da cikin giwa. A gaya wa Kawunku ya zo ya ɗauki kayansa."

Yarinyar ta taɓa gefen Gajere, ta ji shi da zafi. Ta so ta yi magana, tsoron faɗa ya hana ta.

Da la'asar Kawu ya iso da baro, fuskarsa ba walwala.

"Yaya, wallahi ban cuce ka ba. Da hannuna na gwada shi."

"Ban ce ka cuce ni ba," in ji Baba. "Mita ce ta ce."

Kawu ya sunkuyar da kai. Nan ne kunya ta kama yarinyar, har hawaye ya cika mata ido.

"Baba, ba laifin Kawu ba ne. Ni ce na rufe masa baya, na tura shi jikin bango."

Kawu ya jawo Gajere, ya ɗaga jelar rigar, sai ya kwashe da dariya.

"Ashe zazzaɓi kika sa masa! Zo nan, ƴata. Aikin firiji shi ne ya kwashe zafin da ke cikinsa ya zubar waje. Ta waɗannan munanan ƙarafan yake zubarwa. In an lulluɓe ki da bargo da tsakar rana aka ce ki yi gudu, yaya za ki ji?"

"Zan galabaita."

"To, haka ya yi. Injinsa ya yi ta aiki ba hutu, mita kuma tana lissafi."

"Ka yi haƙuri, Kawu. Baba, ka yi haƙuri."

Baba ya dube ta ya ce, "Kin yi kuskure, amma kin wanke Kawunki. Na ƙara wa Gajere kwana uku. Ke ce za ki riƙa karanta mana mita."

Da hannunta ta sa almakashi ta datse jelar rigar. Ɗan ƙyallen saman kawai aka bari. Kawu ya mayar da Gajere inda ya fara ajiye shi.

A safiya ta uku ta hau kujera ta leƙa mitar.

"Biyar, Baba, kamar jiya da shekaranjiya!"

"To, Gajere ya zama ɗan gida," in ji Baba, ya miƙo kofi. "Zubo mini mai sanyi."

Tun daga ranar, in babba ya hana ta abu ba ta gane dalili ba, sai ta tambaya kafin ta taɓa. In kuma ta yi kuskure, takan faɗa da wuri, ba ta barin laifinta ya hau kan wani. Jelar rigar kuwa ta ɗinka wa kyanwa, har yau dai kyanwar ba ta yarda ta sa ba.