Maɓallin da Ta Danna

"Ka ji ni kuwa, Zakara? Rigar nan ta yi maka kyau..."

Ta saki maɓallin, ta zuba masa ido ta cikin gilashin da ya raba ɗakinta da situdiyo.

Shiru. Ko gezau bai yi ba.

Injiniya ake ce mata a gidan rediyon ƙasa, ita ke riƙe da sautin kowane shiri. A gabanta maɓallai biyu ne maƙwabtan juna: ɗaya na kai magana cikin hedifon ɗin mai gabatarwa shi kaɗai, ɗayan kuwa na kai ta kunnen ƙasa baki ɗaya. Ta maɓallin farkon nan ne soyayyarsu ta tsiro. In jar fitilar da ke nuna ƙasa na jin sa tana kunne ba shi da damar amsa mata, sai ya ɗan ƙwanƙwasa hedifon ɗinsa da yatsa. Ma'anarsa, na ji ki, ina son ki.

Yau kuwa yatsan nan ya ƙi motsi.

Zakara masu sauraro suka raɗa masa, don shi ke tashin su da safe. Kuma saboda muryar nan tasa Babanta ya ƙi shi. "Mutumin da muryarsa ke kwana a ɗakin kowace mace, ina zai zama na mutum ɗaya?" Haka tsohon telan ya ce, alhali rediyonsa na rataye jikin keken ɗinkinsa, ba ya kashe ta sai barci.

Sai ga shi yau abokiyar aikinsa ta yi rashin lafiya, aka haɗa shi da Zuma yini guda. Zuma dai an san ta, ko farashin taki take karantawa sai ka ɗauka zance aka zo.

Aka yi labaran safe. Aka shiga shirin manoma, wani malamin gona na ta bayanin tsutsar masara, Zuma na ta dariya kamar an ba da labarin ban dariya.

"Me ke da daɗi a tsutsa?" Injiniya ta raɗa masa. "Ka ce ta matsa, kujerarta ta kusa hawa taka!"

Bai ɗago ba. Zuma ce ma ta ƙara matsowa.

A shirin yara suka rera waƙar ƙirga tare, muryoyinsu suka dace har abin haushi. A shirin lafiya likita ya yi ta magana kan hawan jini, ita kuwa tana jin nata na hawa. Tsakanin shiri da shiri Zakara yakan ɗaga mata hannu yana nuna kunnensa, sai ta kau da kai. Yanzu ne ya tuna yana da kunne?

Kishi take ji, mai zafi, irin wanda ke sa yawu ya yi ɗaci. Ta danna maɓallin a hankali.

"Zakarana... in ka daina ji na, wa zai ji ni? Kai kaɗai nake yi wa magana a duniya."

Nan ma shiru.

Da la'asar aka zo wasan kwaikwayo, kai tsaye ake yin sa. Zakara ne saurayin, Zuma budurwar. Takardar wasan na gaban Injiniya tana bi layi-layi, tana sako ƙarar ƙofa da kukan tsuntsu inda ya dace. Kwatsam Zuma ta ajiye tata takardar, ta lumshe ido, ta matso da bakinta jikin makirufo.

"Masoyina... in ka daina ji na, wa zai ji ni? Kai kaɗai nake yi wa magana a duniya."

Babu wannan a takarda!

Injiniya ta ji ɗakin ya juya mata. Maganarta ce, tata ta cikin zuciya. Ashe yana ji. Ashe kwashewa yake yana kai wa Zuma, suna yi mata dariya! Idonta ya rufe, ta kai hannu ta danna da ƙarfi.

"Zakara, ka ci amanata! Maganar da na raɗa maka ita ka ba wannan ta karanta? Na bijire wa Babana saboda kai, na ƙi ci na ƙi sha, ashe gaskiya ya faɗa! Ka je ka auri Zumar, ƙudaje su bi ku!"

Sai ta ga allurar sauti na tsalle har cikin ja.

Ta dubi yatsanta. Yana kan ɗaya maɓallin.

Innalillahi... Direbobi a tasha, mata a kicin, masu gadi, masu shago, da wani tsohon tela, duk sun ji.

Ƙofa ta buɗe da ƙarfi, Manaja ya faɗo yana haki. "Sa kiɗa! Sa kiɗa, Injiniya!"

Hannunta ya ƙi tashi. A cikin situdiyo Zakara ya cire hedifon ɗinsa, ya bi wayar da hannu har ƙarƙashin tebur, ya ɗago ta sama yadda za ta gani. An sauya ramukan da ake soka wayoyin hedifon. Tasa na cikin na baƙi, ta Zuma na cikin nasa. Tun safe a kunnen Zuma take zuba zuciyarta.

Zuma ta tattara jakarta, ta fice tana gyara ɗankwali, ko kallon kowa ba ta yi ba.

Zakara ya jawo makirufo.

"Masu sauraro, ku yi haƙuri, wannan ba ya cikin wasan. Muryar da kuka ji ta wadda nake so ce. Yini guda ban ji ta ba, ina ta nuna mata kunnena tana harara ta. Muryata taku ce, da ita nake cin abinci. Amma ni ɗin nata ne, ita kaɗai, ko an ba ni ko an hana ni."

Sai a lokacin ta iya sa kiɗan, hawaye na ɗiga kan maɓallai.

"Gobe ki same ni a ofis," in ji Manaja. Ya dubi wayoyin tashar da ke ta ƙara ba ƙaƙƙautawa, ya yi tsaki. "Yanzu dai haɗa masa masu kira, lokacin shirin ra'ayoyi ya yi."

Ta haɗa na farko ba tare da ta tambaya ko wane ne ba.

"Salamu alaikum. Ni ne uban yarinyar da ta yi wa ƙasa ihu ɗazu."

Ta dafe ƙirji. Har ƙarar kekensa tana ji a bayan muryar.

Zakara ya miƙe tsaye, ya rusuna wa makirufo. "Baba, barka da yamma. Allah ya ƙara girma."

"Zauna, na san ka tashi. Tun kafin a haife ka nake jin rediyo, yaro, na san abin da aka faɗa a cikinta ba ya janyuwa. Ka ce kai nata ne, duk ƙasa shaida. Ka turo manyanka." Ya ɗan yi tari. "Ke kuma, sarkin kishi, a gidan wa kika koyi zagin mutane da ƙudaje? Uwarki na nan tana ta dariya, ta ƙona mini abinci."

Ya kashe wayar.

Zakara ya mayar da wayar hedifon ɗinsa raminta, ya sa a kunne, ya tsaya yana kallon ta ta gilashi.

Ta share ido. Ta dubi maɓallan nan biyu, ta sake duba su da kyau, sannan ta danna.

"Ka ji ni yanzu?"

Ya ɗaga yatsa, ya ƙwanƙwasa.